Ɗigon Ruwa da Ƙurar Maradi: Fannin Injiniyancin da Muke Rainawa

A manyan jami'o'in duniya akwai injiniyoyin da suka shafe shekaru talatin ko fiye suna bin tambaya guda: idan ɗigon ruwa ya faɗi a kan abu, me zai yi? Zai baje ne ya jiƙa wurin, ko zai dunƙule ya zauna, ko kuwa zai yi tsalle ya gangare? Da wannan tambaya suke samun digirin dokta, da ita suke kaiwa farfesa, kuma kamfanonin fenti, na gilashi, na yadi da na jiragen sama suna zuba kuɗi don jin amsarta. A nan Maradi, in yaro ya ce, "Baba, abin da nake so in karanta ke nan," da wuya uban bai tambaye shi ko gadoji da hanyoyin da za a gina sun ƙare ba ne. Uban yana da hujjarsa, domin abin da ya saba gani ke nan. Amma ni a ganina wannan fanni yana cikin ƙalilan ɗin da ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo zai iya yin aiki nasa na kansa ba tare da ya jira na'urar miliyoyi ba, kuma aikin ya taɓa aljihun mai lambu, da mai sola, da mai gidan ƙasa.

Tushen al'amarin shi ne ƙwayoyin ruwa suna jan junansu. Waɗanda ke tsakiya ana jansu ta kowane ɓangare, na bisa kuwa ba su da ƴan'uwa ta wajen iska, sai a riƙa jansu ciki. Wannan ne ke sa fuskar ruwa ta ɗaure tana neman tsukewa, shi ya sa ɗigo ke son dunƙulewa. An auna wannan ɗauri: na ruwa mai tsabta kusan 72 ne a ma'aunin da ake amfani da shi, na man gyaɗa kusan rabin haka, ruwan sabulu ma yana saukowa wajen 30. Muddin ɗigo bai wuce kusan milimita 2.7 ba, wannan ɗaurin ne ke mulkinsa, nauyi ba ya da ta cewa sosai. In ya fi haka girma sai nauyi ya danne shi ya zama ɗan tafki.

A 1805 wani likita ɗan Ingila, Thomas Young, ya bayyana cewa a gefen ɗigo, inda ruwa da iska da abin da aka ɗiga a kai suka haɗu, ja-in-ja ake yi tsakanin ƙarfi uku, kuma sakamakon shi ne wata kusurwa tsakanin gefen ɗigon da abin da yake zaune a kai, wadda ake iya aunawa. A kan gilashin da aka wanke tas kusurwar ƙarama ce ƙwarai, ruwan ya baje. In ta haura digiri 90 sai a ce abin ba ya son ruwa. Teflon, wato shafen kaskon da abinci ba ya kamawa, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938, yana ba da wajen digiri 110. Abin mamaki shi ne duk sinadarin da za ka shafa, in dai fuskar sumul take, da kyar za ka wuce digiri 120. Can iyakar sinadari take.

To amma je lambun Jiratawa da safe ka dubi ganyen kabeji lokacin da ake ban ruwa. Ɗigon ba ya ko zama. Yana dunƙule, ƙasansa na wani sheƙi fari, iska kaɗan ta kaɗa ganyen sai ya mirgina ya faɗi, ya bar wurin a bushe. Yanzu sa babban yatsanka ka goge wannan toka-tokar da ke bisa ganyen, wurin zai yi kore shar, ka sake ɗiga ruwa a nan. Zai kama, ya zauna, ya ƙi tafiya. Abin da yatsanka ya murje wasu ƴan ƙananan ƙwayoyin kaki ne da ganyen ke fitarwa, waɗanda ido ba ya rabewa. Sheƙin nan fari kuwa iska ce da ta maƙale tsakanin ruwan da ganyen. Ganyen gwaza ya fi na kabeji ma nuna wannan hali.

Ke nan ba sinadari kaɗai ke aiki ba, har da siffar fuskar. Robert Wenzel a Amurka ya nuna a 1936 cewa kaushi yana ƙara wa abu halinsa ne: mai son ruwa ya ƙara so, mai ƙi ya ƙara ƙi. A 1944 kuma Cassie da Baxter, waɗanda ke aiki a wata cibiyar binciken ulu a Lids ta Ingila, suka kawo bayani na biyu, wanda shi ne ya dace da kabejinmu da gashin agwagwa. Ruwan ba ya shiga ramukan kaushin sam. Yana zaune ne bisa kawunan tsinin, kamar tukunya a kan duwatsun murhu, ƴan wurare kaɗan ta taɓa, sauran ƙasanta duk iska ce. Da yake yawancin abin da ɗigon ke zaune a kai iska ce, sai kusurwar ta haye digiri 150, kuma ba abin da zai riƙe shi.

Wannan ilimi ya zauna a littattafai rabin ƙarni kafin duniya ta farga da shi. A 1997 masana tsirrai biyu na Jami'ar Bon a Jamus, Barthlott da Neinhuis, suka wallafa hotunan ganyen lotas, wani tsiron ruwa na Asiya (ba badonmu na tafki ba), da aka ɗauka da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Fuskar ganyen cike take da ƙuraje da ba su kai kaurin gashin mutum ba, kowane ƙurji kuma lulluɓe da kaki mafi ƙanƙanta. Suka nuna cewa ɗigon da ke mirgina a kai yana kwashe ƙura ya tafi da ita, ganyen na wanke kansa. Bayan shekaru biyu fentin bango mai suna Lotusan ya shiga kasuwa. Daga nan fannin ya cika maƙil. A 2001 aka bayyana yadda wani buzuzu na hamadar Namib ke tara ruwa daga hazo a bayansa. A 2011 ƙungiyar Joanna Aizenberg a Jami'ar Habad ta Amurka ta fito da wata hanya dabam, inda ake cika ramukan da mai maimakon iska, sai komai ya zame. Faransa ma tana da babban hannu: Pierre-Gilles de Gennes, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1991, ya yi fitaccen rubutu kan jiƙewa a 1985, kuma David Quéré ya ci gaba da aikin a Paris. Ga ɗalibinmu da ya yi karatunsa da Faransanci wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kowa na iya ganin abin da idonsa yau da dare. Kunna kyandir, ka riƙe gutsuren gilashi bisa harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin. Bari ya huce, ka ɗiga masa ruwa da sirinji. Ɗigon zai yi tsalle sau biyu ko uku kafin ya gangare. Amma duba hanyar da ya bi, za ka ga ya ɗebi baƙin ya tafi da shi, in ka taɓa da yatsa kuwa shi ke nan, an gama. Masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Mainz ta Jamus sun ɗauki wannan baƙin kyandir a 2012, suka lulluɓe shi da siririn ɓawon silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, suka ƙone baƙin ya fita, suka shafa wa ɓawon wani sinadari mai fulorin, suka sami shafe garai-garai da ke korar ruwa da mai. Aiki ne mai kyau, kuma yana nuna inda ciwon fannin yake. Abin da ke sa fuska ta ƙi ruwa shi ne tsini ƙanana, tsini ƙanana kuwa ba sa jure goga. Da zarar sun karye, ko ruwan sama mai ƙarfi ya tura ɗigo cikin ramukan ya kori iskar, sai a koma halin da Wenzel ya bayyana, ɗigon ya kafe fiye da yadda zai kafe a fuska sumul. Ganye yana sake fitar da kakinsa, fenti ba ya yi. A 2020 an wallafa wata dabara ta gina ƴan katangu masu ƙarfi kewaye da tsinin don su kare su, amma tazara tana nan tsakanin ɗakin gwaji da rufin kwano a watan Afrilu.

A nan ne nake ganin rabon Maradi yake. Ɗauki sola. Farantan sola sun cika rufin shaguna, rijiyoyin burtsatse da lambuna, ƙasa kuma ta gina manyan tashoshi, ta Malbaza mai megawat 7 a 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a 2023. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa datti yana cinye aƙalla kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na wutar solar duniya baki ɗaya. Wannan lissafin ya haɗa da ƙasashen da ruwan sama ke wanke musu faranti kowane mako. Mu ruwanmu, wajen milimita 500 a shekara, yana zuwa ne tsakanin Yuni da Satumba, sauran watannin kuwa hunturu ne da bazara, ga ƙurar da iska ke kwasowa, wadda babban kasonta daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa. Duk wanda ya ga farantinsa a watan Janairu ya san ba zancen kashi uku ake ba.

To ga tambayar da mai tallar shafen farantin sola ba zai so a yi masa ba: fuskar da ke wanke kanta da ruwan sama, me za ta yi a wata takwas da ba ruwan? Dabarar lotas an gina ta ne a kan ɗigo mai mirginawa. In babu ɗigo, abin da ya rage shi ne yadda busasshiyar ƙura ke manne wa gilashi, kuma wannan wani lissafi ne dabam, na girman ƙwayar ƙura, da laimar iska, da ko iska za ta iya ɗaga ta. Akwai kuma kishiyar dabara, wato shafen da ke sa ruwa ya baje gaba ɗaya ya zama siririn mayafi ya wanke datti. Da sinadarin titaniyom ake yinsa, masana a Japan suka bayyana halinsa a 1997, kamfanin Pilkington ya fitar da gilashinsa a 2001. Shi ma ruwa yake jira. Mafi muni shi ne ɗan danshi kaɗan: raɓar ƙarshen damina, ko yayyafin da bai kai ya wanke ba. Yana narkar da gishirin da ke cikin ƙura, rana ta fito ya bushe, ƙurar ta zama ɓawo manne da gilashi wanda iska ba ta iya cirewa. Haka ma in aka watsa ruwan rijiya a kan faranti mai zafi da tsakar rana. Kowane ɗigo yana bushewa ne daga gefe, ruwan tsakiya na kwarara zuwa gefen yana kai masa datti, sai a bar zobe fari. Masana a Jami'ar Shikago sun bayyana dalilin wannan zobe a 1997. Shi ya sa wankin sassafe ya fi, kuma a share ruwan kada a bar shi ya bushe da kansa. Wane shafe ne ke rage yawan wanki a irin wannan yanayi, wata nawa yake kaiwa kafin rana da yashi da tsumman yaron shago su cinye shi, kuma ko kuɗinsa ya kai kuɗin jarkar ruwan da zai tanada? Ba a amsa wannan a Mainz. Sai an kafa faranti a filin Allah a nan, an auna.

Feshin magani kuma matsalar a juye take: so ake ɗigo ya kama, ganye na korarsa. Kabeji da albasa duk masu kaki ne, ganyen albasa kuma a tsaye yake. Mai lambu ya sayi maganin ƙwari da tsada, ya goya famfo, ya fesa, wani kaso ya yi tsalle ya faɗi ƙasa ya bi ruwa. Da ya ga tsutsa ba ta mutu ba sai ya ƙara ƙarfin maganin, alhali ba ƙarfi ne ya gaza ba, zama ne bai zauna ba. In ɗigon ya yi ƙanƙanta iska ta tafi da shi gonar maƙwabci ko hancin mai feshi, in ya yi girma ya yi tsalle. An gano a 2002 cewa lokacin da ɗigo ke ɗauka a kan irin wannan fuska kafin ya tashi bai dogara da gudunsa ba, girmansa ne ke yanke shi, kuma wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne. A cikin wannan ɗan lokaci dole duk abin da aka zuba don ya taimaka ya yi aikinsa. Wannan ne dalilin da malaman gona ke cewa a sa ɗan sabulu a ruwan dogon yaro kafin feshi: yana sassauta ɗaurin ruwan ya baje. Amma in sabulun ya yi yawa ruwan zai kwarare daga ganyen, wani lokaci ma ya ƙona shi. A 2000 wasu masu bincike a Faransa sun nuna cewa ɗan kaɗan na wani sinadari mai yauƙi yana hana ɗigo tsalle. Mu da muke da ƙaro da kuɓewa da sauran masu yauƙi, ga cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, ga sashen aikin gona a jami'a, ban ga abin da zai hana ɗalibin injiniya da na gona su haɗa kai su auna wanne ne ke riƙe magani a ganyen wake ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ginin ƙasa. Kakanninmu sun yi injiniyancin shafe tun kafin Young. Makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana cuɗa ta da yaɓe don bango ya jure damina. Laso kuwa ana haɗa shi da katsin marina da dafara da gashin dabba, a shafe soro. Yau mun bar su mun koma siminti, kuma kowa ya ga abin da ke faruwa in an yaɓa siminti a bangon laka: danshi ya maƙale a baya, wata rana ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya ya zo da rabin bangon. Bangon ƙasa yana buƙatar abin da zai hana ɗigo shiga amma ya bar tururi ya fita, kuma wannan ita ce ainihin tambayar masu binciken shafe. A Burkina Faso an yi nazari kan yadda ruwan ɓawon ɗorawa ke ƙarfafa laka. Maginan da suka san haɗin da hannunsu suna tsufa, kuma duk shekarar da aka yi ambaliya a jihar nan gidajen ƙasa ne ke fara zubewa.

Dole a faɗi wani haɗari. Shafe mafi ƙarfi wajen korar ruwa da mai yawanci daga dangin sinadaran fulorin da ake kira PFAS suke, waɗanda ba sa ruɓewa, suna taruwa a ruwa da jinin mutum. Yarjejeniyar Stokholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta sa biyu daga cikinsu a jerin abubuwan da aka taƙaita ko aka hana: PFOS a 2009, PFOA kuma a 2019. Abin da aka hana a wasu ƙasashe sau da yawa kasuwanninmu yake nufowa. Ana neman madadi a silikon, silika da kaki, tokar ƙaiƙayin shinkafa ma cike take da silika. Sai dai kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64 na zafi, kwano ko farantin sola kuma yana iya kaiwa can a bazarar da iska kanta ke haura 40. Wanda bai zauna nan ba zai iya mance wannan.

Hanyar aikin kanta doguwa ce: shekara uku na lisans, biyu na masta, uku ko fiye na dokta, galibi a kimiyyar kayan ƙira, injiniyancin inji ko na sinadarai. Daga nan sai hawa matakan koyarwa ta hannun CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da aka kafa a Yamai a 1968 mai mazauni a Wagadugu, kuma ba a hawa sai da rubuce-rubucen da aka wallafa. A nan tarkon yake. Ya fi sauƙi mutum ya haɗa sabon shafe, ya ɗauki hoton ɗigo mai digiri 160, ya wallafa cikin wata shida, da ya shanya faranti shekara biyu yana jiran abin da rana za ta yi masa. Alhali babbar kusurwa kaɗai ba ta nuna komai. An nuna a 2008 cewa furen wardi yana ba da kusurwa sama da 150, amma ko an kife shi ɗigon ba ya faɗuwa. Dole a auna kusurwar gaba da ta baya lokacin da ɗigo ke motsi, da karkatar da ake buƙata kafin ya gangara, sa'annan a sake aunawa bayan an goga, bayan an shanya. Ina fata masu duba takardun malamanmu su riƙa ba aikin jimiri nauyin da ya dace da shi.

Misali bai yi mana nisa ba. Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi karatun fiziks mai zurfi a waje, ya dawo ya jagoranci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, daga 1969 yana ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da zafin rana, a lokacin da ƙasashe masu arziki ba su ɗauki sola da muhimmanci ba. Zafin ranar Nijar ya mai da ɗakin gwajinsa.

Kayan farawa ba su fi ƙarfinmu ba. Wayar hannu da ɗan madubin kusantowa, sirinji, fitila a bayan ɗigo, katako mai karkata da aka yi wa alamar digiri, da manhajar ImageJ da ake saukewa kyauta, sun isa auna kusurwa da kuskure kaɗan in mutum ya yi haƙuri ya maimaita. Wayoyi da yawa suna ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, wanda ya isa a ga ko ɗigo ya yi tsalle ko ya zauna, ko da bai isa a bi kowane motsinsa ba. Madubin lantarki da kyamara mai dubban hotuna sai an nemi haɗin gwiwa da waje, kuma a nan ya kamata jami'a ta san darajar abin da ke hannunta. Masu haɗa shafe a Turai da Asiya suna neman wurin gwaji mai ƙura da zafi na gaske, domin akwatin gwajinsu ba ya kwaikwayon hunturu yadda yake. In za a kafa musu faranti a harabar jami'a ko a Tarna, a rubuta tun farko cewa ɗalibanmu ne za su yi nazarin alƙaluman, sunayensu su fito a takardar, kuma a bar na'urar aunawa a nan bayan an gama.